Zauren Tambaya: An sace jakar ɗana a tasha, da takardar izinin karatunsa a ciki

Wasiƙu uku na ware a wannan makon, dukansu a kan takardar zama ko ta karatu da ta ɓace wa mai ita. Ta farkon zan fi daɗewa a kanta, domin mai ita ta biyo ta da kiran waya har sau biyu, na biyun ina fitowa daga sallar asuba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, ina zaune Argungu. Ɗana na biyu yana karatu Kanada, garin Winnipeg, shekararshi ta biyu ke nan. Ya zo gida wanga hutu saboda bikin ƙanwarshi. Ranar da ya taso daga Abuja, mota ta sauke su Birnin Kebbi da magariba, ya aje ƙaramar jakarshi bisa benci ya juya yana cinikin motar gida. Ko da ya waigo, babu jaka babu dalilinta. A ciki akwai kwamfutarshi da takardar izinin karatun da suka ba shi. Fasfo dai Allah ya tsare, yana cikin aljihun rigarshi na ciki, yanzu ma yana cikin kwallata ƙarƙashin zannuwa, na hana kowa taɓawa. Tun ranar yaron nan ba ya cin abinci. Wani abokin babanshi ya ce karatu ya ƙare, sai an sake neman biza daga tushe. Wani yaro mai shagon kwamfuta kuma ya ce in an ba shi dubu ɗari da hamsin zai fiddo wata sak irin ta da. Shinkafar bana kusan duka muka sayar kafin mu biya kuɗin makaranta. Jirginshi 4 ga Janairu ne. Malam, mi za mu yi?
Daga wata uwa, Argungu.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar da alheri, ya kuma sanya albarka a auren da aka ɗaura. Kafin komai, ki zuba wa yaron nan tuwo ki tsaya a kansa har ya cinye. Karatunsa yana nan. Abokin babansa ya faɗi abin da ya ji ne a majalisa, kuma ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba.

Ɗalibin Najeriya da ke Kanada takardu biyu yake riƙe da su. Akwai biza, wadda ake mannawa a shafin fasfo, ita ce mabuɗin ƙofa: ita ma'aikatan jirgi ke dubawa kafin su bar mutum ya hau. Akwai kuma takardar izinin karatu, fallen takarda guda mai tsawo da jami'in kan iyaka ya buga masa a filin jirgi ranar da ya fara sauka. Ita tana bayyana abin da ya kai shi, da ranar da zamansa zai ƙare, da sharuɗɗan aikin da aka yarda ya yi. A ƙasanta ma an rubuta ƙarara cewa ba ta ba mutum damar sake shiga ƙasar. Wato abin da ɓarawo ya tafi da shi shaida ce, mabuɗin yana cikin kwallarki.

Kin san katin asibiti. In ya ɓata a hannunki, fayil ɗinki bai ɓata ba, yana can ɗakin ajiya da sunanki da lambarki, sai dai ki sha tambaya kafin a zaro shi. Haka izinin ɗanki yake a kwamfutar hukumar shige da ficen Kanada, wadda suke kira IRCC. Har hoton yatsunsa suna da shi, tun wanda aka ɗauka lokacin da ya nemi biza.

To yau ɗin nan, ki buɗe kwallar ki ba shi fasfon, ku zauna ku duba abu uku tare: ranar da fasfon zai ƙare, ranar da bizar za ta ƙare, da kuma ko sau ɗaya aka yarda ya shiga da ita ko sau da yawa. Yawancin ɗalibai mai shiga da yawa ake ba su. In ranakun nan biyu sun zarce 4 ga Janairu da tazara, to kaso mafi girma na tashin hankalinku ya wuce. In kuwa bizar ce ta ƙare yana gida, wannan wata matsala ce dabam wadda ko ba a saci jakar ba da sai ya nemi sabuwa, kuɗinta dalar Kanada 100, kuma sai an aika fasfon ta cibiyar karɓar takardun biza a Abuja ko Legas.

Bari in ba ki labarina, don ki san ba daga littafi kawai nake magana ba. Ina ɗalibi a Alƙahira, wata rana a cikin motar haya da cunkoso har mutum ba ya iya sauke hannunsa daga ƙarfen sama, aka zare mini walat da duk takardun zamana da nake yawo da su. Ban faɗa wa kowa ba. Sati uku ina laɓe-laɓe, in na hango ɗan sanda sai in tsallaka titi, kamar ni na yi satar. Wani ɗan ƙasarmu da ya daɗe a garin ya ce ya san hanya, na ba shi kuɗin abincina na wata biyu, daga ranar ban sake sa shi a ido ba sai bayan shekara a wajen wani suna, ya gaishe ni kamar babu komai. Da wuya ta yi wuya na je ofishin da ya kamata in je tun farko. Wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare ya tambayi sunana da shekarar da na zo, ya miƙa hannu bayansa ko waigawa bai yi ba, ya jawo wani ƙaton littafi mai koren bango, ya lashi yatsa yana buɗe shafi. Shayinsa bai huce ba ya dangwala yatsa a kan sunana. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne me ya hana ni zuwa tun ranar. Ban da amsar da zan ba shi. Wancan zamanin littafi ne, yanzu kwamfuta ce, neman ma ya fi sauri.

Mu koma kan ɗanki. Ya koma Birnin Kebbi, ofishin 'yan sandan da tashar take ƙarƙashinsa, ya ba da rahoto, a ba shi a rubuce da kwanan wata da hatimi da lamba. Ya tabbata an ambaci takardar izinin karatun da sunanta a cikin jerin abin da aka sace, kada a rubuta jaka da kwamfuta kawai a wuce. Ba don ana sa ran kama ɓarawon ba, wannan sai wani ikon Allah. Amfanin rahoton shi ne fom ɗin neman sabuwar takarda yana tambayar yadda ta ɓata, in sata ce kuma yana neman lambar rahoton 'yan sanda. In ya samu sarari ya biya ta kotu ya yi takardar rantsuwa, ba ta da tsada, kuma ƙarin shaida ba ya ɓaci.

Sai neman hoton takardar. Na san zai ce kwafin yana cikin kwamfutar da aka sace. Hajiya, ki ɗauko wayarki. Ban taɓa ganin ɗalibin da ya sauka Kanada bai ɗauki hoton wannan takarda ya turo gida ba, yawanci tun yana cikin filin jirgi, da jakunkuna a gabansa da rigar sanyin da ta yi masa yawa. Ku koma WhatsApp na gida zuwa watan da ya tafi, ku duba wayar babansa da ta yayyensa. In ba a samu ba, makarantarsa ta karɓi kwafi lokacin rajista, in yana ɗan aiki ma wurin aikin sun karɓa. Lambobi biyu ake so a jikinta: lambar takardar, wadda take farawa da harafin F, da lambarsa ta dindindin a wajen hukumar, UCI, mai alƙaluma 8 ko 10. Ita ta biyun tana jikin wasiƙun da hukumar ta taɓa aiko masa ta imel.

A daren yau ya rubuta wa ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsa. Kowace jami'a a can tana da irin wannan ofishi, kuma ɓatan takarda abincinsu ne na yau da kullum. Ya faɗi abin da ya faru, ya nemi wasiƙar da ke tabbatar da cewa ɗalibi ne mai rajista a zangon da za a shiga, da takardar sakamakonsa, ya kuma nemi shawararsu a rubuce kan abin da zai gaya wa jami'in kan iyaka. Kada ya jira, don jami'o'insu kan rufe ofisoshi daga wajen Kirsimeti har shigowar sabuwar shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kira zai yi, ya tuna a wannan lokaci na hunturu muna gaban Winnipeg da awa 7, ƙarfe tara na safensu ƙarfe huɗu na yammarmu ne, bayan la'asar ke nan.

Ranar tafiya ya haɗa duk waɗannan a jakar hannu: fasfo, hoton takardar da aka buga, rahoton 'yan sanda, wasiƙar makaranta, rasit ɗin kuɗin makaranta. Idan ya sauka, ya faɗa wa jami'in gaskiya tun kafin a tambaye shi sau biyu: ni ɗalibi ne, na je hutu, an sace takardata, ga shaida. Wataƙila a kai shi ɗaki na biyu ya zauna jira, a yi masa tambayoyi. Kada gabansa ya faɗi, duba rajista ake yi. Jami'in shi ke da ikon yanke hukuncin shiga, ga kowa ma haka ne ko da takardarsa a hannu, shi ya sa nake son ya je da shaidu fiye da yadda ake buƙata. In da jirgin cikin gida zai canja daga Toronto ko Montreal, ya bar tazarar awoyi masu yawa tsakani.

Bayan ya isa ɗakinsa ya huta, sai neman sabuwar takarda. Sunan fom ɗin IMM 5009, ana sauke shi kyauta a shafin hukumar, kuɗin aikin dalar Kanada 30 ne, ana biya ta intanet a haɗa rasit da kwafin fasfo. Sharaɗin shi ne izinin bai riga ya ƙare ba. Abin da za su aiko masa kwafin na da ne, da ranar ƙarewa iri ɗaya, ba sa ƙara ko kwana guda, kuma a sa ran makonni kafin ta iso. Saboda haka in ya ga saura 'yan watanni izinin ya ƙare alhali karatu da saura, ya tambayi ofishin makarantar ko gara ya nemi tsawaitawa kai tsaye, wadda kuɗinta dala 150 ne, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Su hukumar suna son a nemi tsawaitawa aƙalla kwana 30 kafin ranar ƙarewa.

Yanzu maganar yaro mai shagon kwamfuta. Hajiya, ko kyauta ya ce zai yi, kada ku karɓa. Na yarda yaranmu sun iya aiki, na ga katin biki da suka buga wanda ya fi na Kano kyau. Amma abin da zai fiddo jabu ne, ko da duk abin da ke rubuce a jiki gaskiya ne. Ɗanki a yanzu wanda aka zalunta ne, doka tana gefensa. Ranar da ya miƙa wa jami'i takardar da ba su suka buga ba, ya tashi daga wanda aka yi wa sata ya koma mai yaudara, kuma hukuncin wannan a dokar Kanada hana shiga ƙasar ne na shekara 5. Kifi na ganinka mai jar koma, ku mutanen Argungu kun fi ni sanin wannan. Dala 30 ko da canjin kasuwar bayan fage ba ta kai kusa da dubu ɗari da hamsin ba. Ragowar ku tara masa ya rage kuɗin wata kwamfutar.

Af, kwamfutar ma. Ya canja kalmar sirrin imel ɗinsa da ta bankinsa da ta shafin makaranta yau, don yawancin yaran nan a buɗe suke barin komai.

Ga masu karatu da nasu ya haɗa har da fasfo, aikin ya fi haka tsawo, don bizar ta tafi tare da shi. In a gida ne, rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa, sai ofishin fasfo na hukumar shige da ficen Najeriya da lambar NIN, in sabon fasfo ya fito sai a nemi sabuwar biza a kansa. In a can ne, sai ofishin jakadancin Najeriya da ke Ottawa. Wanda dole ta kama shi ya dawo gida da gaggawa, ofisoshin jakadancinmu suna ba da takardar tafiya ta gaggawa, amma ta zuwa gida ce kawai, ba a komawa da ita.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Yayana direban gida ne a Jidda, shekara huɗu ke nan. Ya je Umara, cikin turmutsutsun fitowa daga Harami walat ɗinsa ya faɗi da igamarsa, wato katin izinin zamansa a Saudiyya, a ciki. Yana tsoron faɗa wa kafilinsa, maigidan da ya ɗauke shi aiki, don mutumin yana da zafi. Ya ce masa ba shi da lafiya, yau kwana goma sha biyu yana kwance ɗakin wani abokinsa, ba ya ɗaukar waya. Akwai wanda ya ce zai yi masa sabuwa a kan riyal 1,500. Mu ne za mu haɗa kuɗin daga nan, shi ya sa na ce bari in tambaya.
Daga wani ƙane, Tudun Wada, Gusau.

AMSA: Ɗana, ka yi kyan kai da ka tambaya kafin ku haɗa kuɗin. Ka ajiye mujallar nan ka kira yayanka yanzu, ka ce masa ya kunna waya ya koma gidan aikinsa yau. Ɓatan igama ƙaramin abu ne a kan abin da yake jawo wa kansa. Kafilin da ya kwana goma sha biyu bai ga direbansa ba, yana kira ba a ɗauka, yana iya shigar da rahoton cewa ma'aikacinsa ya gudu, abin da mutanenmu na can suke kira hurub. In wannan ya hau kan sunan mutum, zamansa ya zama na laifi, ko da katin yana aljihunsa. Daga nan sai kamu, sai gidan tsare baƙi na Shumaisi, sai jirgin tarhil mai mayar da mutum gida, sai hana dawowa. Duk wanda ya zauna Jidda ya san wani da ya bi ta wannan hanya.

Shi kuwa katin, lamba ce mai alƙaluma 10 da ke farawa da 2, kuma lambar tana nan a rajistar Jawazat, hukumar fasfo da zaman baƙi ta Saudiyya. In yana da Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, a wayarsa, akwai igamarsa ta cikin waya, wadda hukumomin Saudiyya suka amince a nuna wa jami'in tsaro. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu an buɗe musu Absher ɗin tun zuwansu amma ba su taɓa shiga ba, sai dai WhatsApp da TikTok. Ya nemi wanda ya iya ya nuna masa.

Sabon kati kuwa ba ya samuwa sai ta hannun kafili, domin shi ke shigar da rahoton ɓata ya nemi madadi. Tunda direban gida ne, ta Absher na maigidan za a yi. Masu aikin kamfani kuma ta tsarin Muqeem ake yi musu. Akwai tarar riyal 1,000 a kan ɓatar da igama. Kuɗin yin igama da sabunta ta doka a kan kafili ta ɗora, amma tarar ɓatarwa yawanci wanda ya ɓatar ake cewa ya biya. To in za ku haɗa kuɗi, wannan za ku haɗa, ga shi ma ya fi na ɗan kamashon sauƙi da riyal 500. Shi wancan mutumin ba shi da hanyar shiga rajistar gwamnati: ko dai ya buga roba mai hoton yayanka, ko ya ɓace da kuɗin kamar yadda nawa ya ɓace.

Na fahimci tsoron zafin maigida. Faɗa ne zai sha, wataƙila har da zagi, ya haɗiye. In yana jin nauyin tunkararsa shi kaɗai, ya nemi wani babba cikin 'yan Zamfara mazauna Jidda wanda Larabcinsa ya nuna, su je tare bayan sallar isha'i, a fara da ban haƙuri kan kwanakin da ya ɓace kafin a zo kan kati. In abin ya wuce faɗa ya kai ga riƙe albashi ko fasfo, to akwai ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a nan Jidda ɗin, kuma dokar ƙasar ba ta ba kafili damar riƙe fasfon ma'aikaci ba tare da yardarsa ba.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila. Mun tashi daga wani gida zuwa wani, na nemi katin zamana na BRP sama da ƙasa ban gani ba. Ina son zuwa gida da babbar Sallah. Ina zan nemi sabo?
Daga wata 'yar Zuru.

AMSA: 'Yar'uwa, naki mai sauƙi ne. Babu sabo, sun daina bugawa. Katunan nan sun ƙare aiki ranar 31 ga Disamba, 2024, an mayar da izinin zama cikin intanet, abin da suke kira eVisa. Ki kai rahoton ɓatan katin a shafin gwamnatinsu don kada wani ya yi amfani da shi. In ba ki buɗe asusun UKVI ba, wato hukumarsu ta biza da shige da fice, ki buɗe, kyauta ne, kada ki biya kowa. Daga cikinsa ake ciro lambar shaida da ake ba wurin aiki ko mai gidan haya, tana aiki kwana 90.

Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne fasfo. Da lambarsa kamfanin jirgi ke gano izininki, don haka in kin sabunta shi tun bayan buɗe asusun, ki shiga ki saka lambar sabon tun da sauran makonni, ki kuma ciro lambar shaidar ki rubuta a takarda kafin ki taso. In kin iso ki gaida mutanen Zuru, ki ce mai Zauren Tambaya yana jiran kason namansa.